Muryar da Malam Ya Ba Mu Ajiya

Na gama digiri a fannin kula da ɗakin karatu, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida Talata Mafara na zauna shekara biyu ba aiki. A gidanmu ba wanda ya gane abin da na karanta. Kawuna duk inda muka haɗu sai ya nuna ni ga mutane, ya ce ga wanda ya yi shekara huɗu a jami'a yana koyon jera littafi a kanta. Su yi dariya, ni ma in yi. Da rani nakan bi yayana gonar albasarsa a wajen madatsar ruwan Bakolori in taya shi ban ruwa, takardun shaidata kuwa suna cikin leda a ƙasan akwati.

A cikin garin akwai wani ƙaramin ɗakin karatu da wata ƙungiyar 'yan gari ta gina, ɗaki biyu da baranda, ba nisa da titin Sakkwato. Wata shekara suka sami tallafi don tattara tsofaffin littattafan hannu da hotuna da muryoyin dattawa daga Mafara da Bakura da Maradun, a adana su a ma'ajiyar intanet, wadda masu aikin ke kira girgije. Abin da aka ɗora a can ba gara, ba gobara, ba ɗigar ruwa, kuma mai izini zai iya buɗe shi daga ko'ina. Suna neman wanda ya san kwamfuta, sai aka tuna da ni. Aka ɗauke ni na shekara ɗaya.

A nan na haɗu da Hajiya. Tun ranar da aka buɗe ɗakin karatun take aiki a ciki. Ba ta da digiri, takardar koyarwa kawai gare ta, amma idan ka ambaci littafi za ta gaya maka kantar da yake da wanda ya are shi bara. Haifaffiyar wajen Faru ce, aure ya kai ta Bakura, kullum daga can take zuwa a motar haya. Tana jin Fulatanci ta wajen uwa. Ta girme ni da fiye da shekara ashirin, tana ce mini ɗana, kuma kusan kullum sai ta zo da hoce, wainar dawa, a ƙunshe ta ajiye mini rabi kusa da kwamfuta.

Muka raba aiki. Ita ke shiga gidaje da ƙaramar na'urar ɗaukar murya, don ita ake buɗe wa ƙofa. Ni ke ɗaukar hoton shafuka, in sa wa kowane fayil suna, in rubuta bayaninsa: wa ya yi magana, a ina, da wane harshe, wa aka yarda ya ji. Na kasa ajiyar gida uku, akwai na kowa, akwai na mai bincike idan ya nemi izini, akwai rufaffe. Na kuma kafa doka cewa duk abin da aka rufe zai zauna a ƙarƙashin sunan wanda ya karɓo shi, shi kaɗai ke da kalmar sirrin buɗewa. Ina alfahari da dokar nan, har na buga ta na liƙa a bango. Ni na buɗe wa Hajiya nata asusun, ni na zaɓa mata kalmar sirri, na ce ta canza ta. Ba ta canza ba, don ba ta san yadda ake yi ba, ni kuma ban koma na nuna mata ba.

Akwai wani tsohon malami a wani ƙauye na Faru wanda Hajiya ta yi karatun allo a gidansa tana yarinya. Ta ce yana da littattafai a gafaka waɗanda ba a taɓa fitarwa ba. Muka tafi tare, mota zuwa Maradun, daga nan babur ta 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki. Mun same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa tafiya, amma da ta yi sallama ya gane muryarta. Sun daɗe suna gaisawa, ya tambayi mijinta da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗansa, wanda shi ne limamin ƙauyen kuma shi ke riƙe da makarantar gidan, ya fito mana da gafakokin. Na wuni ina ɗaukar shafuka a kan tabarma.

Bayan la'asar Malam ya ce ni da ɗansa mu ba su wuri, yana da magana da ɗiyarsa. Muka koma gindin bishiya muna hirar taki da farashin gero. Sun fi awa ɗaya. Da Hajiya ta fito idonta ya yi ja, a hanya kuma ta ce mini wannan na rufaffe ne.

Washegari da zan ɗora muryar na sa abin ji a kunne, don sai na saurara zan iya rubuta bayani. Farkon abin da ya faɗa shi ne: "Wanga zance ajiya ne na ba ki, ɗiyata. Kada kowa shi ji sai bayan raina. Ɗiyana ba su sani ba, kuma ban iya hwaɗa musu da bakina." Aka ji muryar Hajiya tana yi masa alkawari.

Sannan ya ba da labarin kakansa. Ya ce an kamo shi yana yaro daga wata ƙasa ta kudu, aka sayar da shi a kasuwa, wani malamin Fulani ya saye shi don kiwo. Idan ya dawo da shanu sai ya tsuguna a bayan danga yana jin ana biya wa 'ya'yan gida karatu. Wata rana ɗan maigidan ya ɓata aya, shi kuma daga bayan danga ya gyara masa. Maigidan ya fara dukansa tukuna, bayan kwana uku ya kira shi ya ba shi allo. Da ya sauke Alƙur'ani maigidan ya 'yanta shi. Ya taso ya zo Faru inda ba wanda ya san shi, ya kafa makaranta, kuma littattafan da ke cikin gafakokin nan shi ya kwafe su da hannunsa. Malam yana faɗa yana dariya a wasu wurare. Ya ce yana so jikokinsa su san irin mutumin da suka fito daga gare shi, amma ya san garinsu.

Sau uku na saurara. Ba mu da abin da ya kai shi a duk ajiyar. Na rubuta bayaninsa da kyau, na sa shi a rufaffe ƙarƙashin sunan Hajiya.

Shekarata ta kusa ƙarewa sai aka yi tallar gurbi a sashen ajiyar zamani na ɗakin karatun wata jami'a. Na kira wani tsohon malamina da ke da faɗa a ji a can. Ya ce takarda kowa na da ita, in nuna masa aikin da na yi. Na tura masa shafukan littattafai da hotunan gina madatsar ruwa. Ya ce ba laifi, amma irin wannan kowa na yi, ba ni da wani abu da zai sa masu tantancewa su gyara zama?

Ranar wata Alhamis Hajiya ta tashi da wuri ta tafi suna a Bakura. Bayan azahar na shiga da kalmar sirrinta, na mayar da fayil ɗin yadda duk wanda ke da linkinsa, wato adireshinsa na intanet, zai iya ji ya kuma sauke, na tura wa malamina. Na ce a raina kwana biyu zan rufe. Da yamma ya kira ni yana ta yabo, ya ce zai kunna wa wasu abokan aikinsa. Na ji kunyar in ce masa a'a, na ji tsoron kada ya ga na yi masa rowa. Na bar shi a buɗe.

Bayan kamar mako uku muna gona da yayana, muna hutawa a bakin magudanar ruwa, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in ji wani abin mamaki da aka turo guruf ɗinsu na hira a waya. Muryar Malam ce. An yanke farko, an yanke ƙarshe, ba danga, ba allo, ba littattafai. Abin da ya rage shi ne inda yake cewa kakansa bawa ne, a kasuwa aka saye shi. A ƙasa wani ya rubuta sunan ƙauyen da sunan gidan, ya ƙara da cewa ga waɗanda ke jan mutane salla. Har yau ban san ta hannun wa ya bi ya iso can ba. Na koma gefe na rufe linkin da wayata, ko da yake na san rufewar ba ta da sauran amfani.

Labarin abin da ya biyo baya a bakin mutanen Maradun da ke zuwa kasuwa na riƙa jin sa. Limamin a kasuwa ya fara jin muryar mahaifinsa, a wayar wani mai sayar da igiya, mutane sun kewaye suna kallon fuskarsa. Da ya shiga gaba a masallaci sai wasu suka janye suka yi nasu jam'in a wani zaure. Akwai dattawan da suka ce wannan ba addini ba ne, ba a korar liman saboda asalin kakansa, amma masu janyewa ba su dawo ba. Aka fara cire yara daga makarantar gidan. Matan gidan suka daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Limamin kuma ya daina shiga zauren mahaifinsa.

Ranar Talata, kasuwa na ci, sai ga babur ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu. Malam ne a baya, an ɗaure shi da rawani a jikin ɗan ɗan'uwansa da ke tuƙi don kada ya faɗi a hanya. Aka kwance shi, aka shigo da shi, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Hajiya ta durƙusa a gabansa. Ya amsa gaisuwarta duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce ya zo karɓar ajiyarsa, a ba shi muryarsa ya koma da ita gida.

Shugaban ɗakin karatun, wanda muke kira Oga, ya ce in yi masa bayani. Na tsuguna na ce za mu iya gogewa daga ma'ajiyarmu yanzu a gabansa, amma wanda ya riga ya sauka a wayoyin mutane ba ya dawowa. Ya tambaye ni wayoyi nawa ne, a bi su ɗaya-ɗaya a roƙa. Na ce ba wanda ya san yawansu.

Ya juya inda yake jin numfashin Hajiya ya ce, "Ke ce, ɗiyata?"

Ta fara rantsuwa tana kuka. Ya ɗaga hannu ya ce ta bar rantsuwa, bai zo don ita ba. Ya ce, "Ke kaɗai na hwaɗa wa. Ni na biya miki Fatiha." Ya nemi a tashe shi. Ina tsaye a baranda aka sake ɗaure shi a bayan babur, suka ratsa cikin masu buhunan albasa suka tafi.

Kwamitin ƙungiya ya zauna bayan kwana biyu, dattawa biyar da Oga. Suka tambaye ni ko ma'ajiyar na nuna wanda ya buɗe abu. Na ce tana nunawa, duk abin da aka taɓa tana rubuta suna da rana da lokaci. Ni kaɗai na iya fito da rajistar, don haka ni na buga ta na kawo. Layi ɗaya ne: sunan Hajiya, ranar Alhamis, bayan azahar.

Ta ce ranar tana gidan suna a Bakura, mata da yawa za su shaida. Wani daga cikinsu ya tambaye ni ko ana iya buɗewa daga Bakura. Na ce ana iyawa daga ko'ina. Gaskiya ce. Ban ƙara da cewa wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, wadda ko hoto ba ta buɗewa ba. Oga ya tambaya ko akwai wanda ya san kalmar sirrinta. Hajiya ta ɗago ta dube ni. Na ce ni na buɗe wa kowa asusu tun farko, na kuma umarci kowa ya canza kalmarsa, ga doka can a bango. Ita ma gaskiya ce. Hajiya ta ci gaba da kallona, na mayar da idona kan takarda. Ba wanda ya sake tambaya. Wani dattijo ya ce dama kuskure ne a ba mace ajiyar magana, wani ya ce wataƙila akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin danginta da gidan Malam. Tana zaune suna faɗa.

Aka ce in rubuta rahoto don masu tallafi. Na rubuta shafi uku da Turanci mai kyau. Ban ce Hajiya ta yi da gangan ba. Na ce matsalar rashin horo ce, na ba da shawarar kada a sake barin rufaffen abu a hannun wanda bai karanci fannin ba. Aka sallame ta a ƙarshen wata, aka haɗa mini duk makullan ajiyar, aka ƙara mini shekara.

Ranar da za ta tafi ta kira ni ɗakin ciki. Na zaci maganar za ta yi. Sai ta nuna mini kantar da gara ke bi ta bayanta, ta ce a riƙa jan ta daga bango duk damina. Ta gaya mini sunayen mutum huɗu da littattafai ke hannunsu. Ta ba ni makullin ƙofa, ta ɗauki jakarta da butarta ta fita neman mota.

Malam ya rasu a daminar shekarar. Na ji cewa Hajiya ta je gaisuwa, matar limamin ta tare ta a ƙofar gida ta ce ta koma, ba a bukatar ta'aziyyarta, kada ta ɗauki kukan mutane ma ta watsa. Danginta na Faru suka aiko mata ta rage zuwa, don zuwanta na ja musu magana.

An kira ni tantancewa a jami'ar. Cikin tambayoyin aka ce in faɗi wata matsala da na taɓa fuskanta a aiki da yadda na magance ta. Na ba su labarin wata ma'aikaciya marar horo da ta bar rufaffen fayil a buɗe, da irin matakan da na kafa daga baya. Suna ta gyaɗa kai suna rubutu. Tsohon malamina yana cikinsu. Ya san daga wayar wa linkin ya zo masa, ya san muryar da ake nufi. Yana ta wasa da biro, kuma daga ranar har yau ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na sami aikin. Na yi digiri na biyu, na yi aure, na sayi mota. Yanzu ni ake gayyata in koya wa ma'aikatan ɗakunan karatu yadda ake tsare amanar da aka ɗora a girgije, kuma ana cewa na iya koyarwa.

Shekara shida ban ga Hajiya ba. Bara da na zo hutu na tuƙa zuwa Bakura, na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafar da take turarawa ta sayar. Ta rame, ta sa tabarau. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa, ta tambayi iyalina da aiki. Ba ta ce mini ɗana ba, Malam take ce mini.

Na fara kewaye-kewaye, ina cewa akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ba ta bar ni na kai ƙarshe ba. Ta ce ta sani tun ranar da na kawo takardar, ai mu biyu ne muka san kalmar, ita kuma ta san ba ita ba ce. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "Na dube ka in ga ko za ka hwaɗa da kanka. Da na ga ka sunkuyar da kai na san an gama. Kai ke da digiri, kai ka bugo takardar, kai za a tambaya ko ƙarya nike. Wa zai ji tawa?"

Na roƙe ta gafara. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce nata haƙƙin mai sauƙi ne, za ta duba. Amma Malam ya tafi yana ganin ita ta ci amanarsa, wannan ba mai gyara shi. Abin da ya rage shi ne ɗansa. Ta ce ya bar limanci, makarantar ta watse, yanzu huluna da carbi yake sayarwa a kan tebur. In da gaske nake, in je in faɗa masa a gaban mutane cewa ni ne, don ita ta samu ta shiga garinsu ta ziyarci 'yan'uwanta kafin ta mutu.

Na ce hanyar Faru ba ta biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga. Ta ce ba sai na je Faru ba, duk ranar kasuwar Maradun yana nan a bakin tasha, kuma gobe ce kasuwar. Na ce in sha Allahu zan je. Ta ce Allah ya ba da iko. Ta tashi ta auna mini shinkafa ta ƙulla a leda ta ce in kai wa maiɗakina. Na yi ƙoƙarin ƙi, ta ce ba ni ta bai wa ba.

Na kwana a Mafara. Da safe na yi wanka, na sa manyan kaya, na gaya wa yayana Maradun za ni. A hanya na riƙa shirya abin da zan faɗa, da yadda mutanen tasha za su taru, da yadda wani zai ɗaga waya ya ɗauka, kafin azahar ya isa guruf ɗin ma'aikatan jami'a. Da na iso mararrabar Maradun na rage gudu, na ba wata motar itace hanya ta shiga. Sannan na miƙe titin Gusau. Ranar Litinin ina da taron horarwa, mutum talatin suna jirana, kuma ban gama shirya takardun da zan raba musu ba.